Ina Daɗin Gasar Da Aka San Mai Cinta Tun Ba A Fara Ba?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin hutawar ɗalibai a daren Asabar ya san gardamar nan tamu da ba ta ƙarewa, watau wace gasar ƙwallo ce ta fi zafi a ƙasashen Turai. Magoya bayan Ingila su ce tasu ce, su kafa hujja da Leicester wadda ta ɗauke kofi a 2016 alhali kuwa ba wanda ya sa ta cikin lissafi. Sa'an nan su juya su yi wa Jamus dariya, su ce ina daɗin gasar da Bayern Munich ta cinye sau 11 a jere, tun daga 2013 har 2023? A yi ta musu har maƙogwaro ya bushe. Ni ma da bakina a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma wani dare da na koma ɗaki sai na tambayi kaina: ni da na san wanda ya ci kofin Jamus shekara goma sha ɗaya, wane ne gwanin kokawa na ƙasar Kafur bara? Wane gari ne ya fi kowa 'yan dambe tsakanin Gozaki da Mahuta da Masari? Na rasa amsa. Washegari na jefa wa 'yan'uwana na wajen Funtua da Malumfashi wannan tambaya, kowa ya yi shiru, wani ma ya ɗauka ba'a nake yi.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Nufina in auna gasanni iri uku da ma'auni guda: tamu ta nan gida, da ta maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, da ta wasu mutane can nesa a tsibirin Ailan, waɗanda suka riƙe wasannin kakanninsu da hannu biyu. Ra'ayina kuwa tun da wuri shi ne, yawan sauyin gwani kowace shekara ma'auni ne mai rauni. Abin da ke raya gasa shi ne ɗan wasa ya zama na garinsu, kuma wanda aka kayar bana ya san akwai fagen da zai koma baɗi.

Mu fara da gida. Mu mutanen kudancin Katsina manoma ne, kuma wasanninmu da kaka suke tafiya. Idan an karya masara, an yanke dawa, an tsinke auduga an kai ta kasuwa, aljihu ya ɗan yi nauyi, a nan ne ake jin kalangu. Dambe tun asali wasan mahauta ne, sukan bi gari gari bayan girbi suna neman abokan karawa, kokawa kuwa ta kowane saurayi ce mai jin ƙarfi. Idan zafi ake nema, ba na jin akwai wasan da ya kai dambe. Turmi uku ne ƙa'ida, amma naushi ɗaya tak ya isa ya raba gardama, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Babban ɗan damben da ake tsoro zai iya shiga fage da yamma ana yi masa kirari, ya fita kafin magariba yaro ya buge shi. Ba a sanin mai ci sai an tashi. Ta wannan fuska, gasar Ingila da muke yabo ba ta kama ƙafar damben ƙauye ba.

Amma fa zafin karawa daban, gasa daban. Yau dambe ya bar dandalin ƙauye ya koma gidajen dambe na birane, irin na Kano da na Dei-Dei a Abuja, inda ake yankar tikiti a ƙofa. An kasa 'yan wasa gida uku, Kudu da Arewa da Guramada, kuma wannan rabo yana da daɗinsa, don yana tayar da tsimin 'yan kallo. Sai dai mutumin Gozaki da ya biya kuɗinsa ya shiga ba garinsu yake goyon baya ba, wani ɓangare ne mai faɗi wanda ba shi da hakimi, ba shi da kasuwa, ba shi da masallacin Juma'a. Dubi sunayen 'yan damben ma: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Galibi da ubangida ake jingina su. Wanda zai kara da wani kuwa, sau da yawa masu gidan dambe ne ke haɗawa, gwargwadon abin da zai cika gida. A sa mota ko babur a yi gasa ta 'yan makonni, wani ya ɗauka, a watse. Baɗi a sake sabon lale, kamar ba a taɓa yi ba. Shago da muke ji har gobe, Ɗan Anace ne ya rayar da shi da waƙa. Ba don makaɗi ba, da sunansa ya bi iska kamar na ɗaruruwan mazajen da suka yi kisa a dandalin ƙauyukanmu ba wanda ya rubuta.

Ƙwallon ƙafar karkara kuwa, wadda ta ture kokawa a zukatan ƙannenmu, ciwonta ya fi haka muni. Kowa ya san kofin da kan ɓullo idan zaɓe ya ƙarato. Wani mai neman kujera ya sayi kofi da riguna masu hotonsa, a tara ƙungiyoyin ƙauyuka, a yi wata guda ana bugawa. Na taɓa tsayawa kallon wasan ƙarshe na irin wannan kofi a wani gari da ba zan ambata ba. Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya na masu masauki, waɗanda 'yan garin suka iya kiran sunan iyayensu ba su fi huɗu ba. Sauran 'yan haya ne da aka ɗauko a mota daga birni da safe, aka sallame su da dare. Sun ci kofin, ba shakka. Samarin garin da suka yi wata uku suna motsa jiki a filin makaranta kuwa suna gefe suna riƙon ruwa. Bayan zaɓe ba a sake jin labarin kofin ba. A irin wannan gasa ana samun sabon gwani kowane zagaye, wanda ya duba takarda sai ya ce ai ga gasa mai zafi. Alhali zafin na aljihun masu gida ne.

Yanzu mu ƙetara iyaka. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiya ce ta 'yan sa'o'i, harshe ɗaya, abinci ɗaya, kokawar ma ita ce dai. Amma tun 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Jihohi takwas ne, Agadas da Diffa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da birnin Yamai, kowace ta zo da 'yan kokawa goma waɗanda aka tace tun daga ƙasa, ga mutum 80 ke nan. Ana zagayawa da masauki daga jiha zuwa jiha. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba su ne ke ci gaba har a rage biyu. Kwanakin nan ƙasar kan tsaya cik, mai shayi da mai kanti kowa kunnensa na rediyo.

A nan ne ma'aunin abokaina na ɗakin hutawa ya fara karyewa. Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka na Doso, ya ɗauki takobi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Bisa hujjar masu yi wa Jamus dariya, da sai mu ce gasar Nijar ta mutu, tun da mutum ɗaya ya kankane ta. Ashe ba haka ba ne. Kowace shekara tambayar da ke bakin jama'a ita ce wa zai kayar da shi, kuma kowace jiha ta koma gida tana horon yaranta domin wannan rana. Da aka je Doso a watan Disamba na 2024, a gidansa, gaban mutanensa, sai Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a karon ƙarshe. Wannan faɗuwa ta yi nauyi ne saboda takubban nan shida da ke rubuce. In da ba a ƙidaya su ba, da faɗuwa ce kamar kowace.

Sai Ailan, inda wannan gardama ta fi tsufa, kuma suka fi mu hujjojin yinta. Tsibiri ne a yammacin Ingila. A ranar 1 ga Nuwamba 1884, a garin Thurles, wasu mutane da suka haɗa da Michael Cusack da Maurice Davin suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiyarsu, wadda ake kira GAA a taƙaice, domin sun ga wasannin Ingilishi na neman shafe nasu. Manyan wasannin biyu ne. Akwai ƙwallonsu ta gargajiya wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, akwai kuma hurling, wasan ƙaramar ƙwallo da sanda mai faɗin baki. Mutum goma sha biyar ne kowane gefe. Tsibirin yana da gundumomi 32, shida daga ciki suna ƙarƙashin Birtaniya, amma a wajen wasa ba ruwansu da wannan iyaka, abin da ya kamata Bakatsine da Bamaraɗe su yi tunani a kai. Ba a biyan ɗan wasa albashi. Malamin makaranta ne, ko manomi, ko makaniki, da yamma ya je fili. Ƙa'idar da ta fi ba ni sha'awa kuwa ita ce, a galibin wurare mutum ƙungiyar ƙauyensu ko unguwarsu yake yi wa wasa, kuma sauya ƙungiya abu ne mai wuya ƙwarai. Kowace gunduma tana da gasarta ta ƙungiyoyi, gwanin gunduma ya wuce gasar lardi, gwanayen larduna huɗu su nemi kofin ƙasa.

Tun da tsarin ɗaya ne a ko'ina, sai ya zama da sauƙi a gwada gunduma da gunduma, kuma bambancin yana da ban mamaki. A gundumar Armagh, ƙungiyar wani ɗan ƙaramin gari na bakin iyaka mai suna Crossmaglen ta ci kofin ƙwallo sau 13 a jere, daga 1996 zuwa 2008, ta saki shekara ɗaya, ta sake riƙewa har 2015. Watau cikin shekara 20 sau ɗaya rak kofin ya kwana a wani gari. A gundumar Waterford, Ballygunner ta ci kofin hurling kowace shekara daga 2014 zuwa 2024, sau 11 ke nan ba hutu. Amma maƙwabciyar Armagh, watau Tyrone, labarinta daban ne. Tun da Carrickmore ta ci a 2004 ta maimaita a 2005, aka yi shekara 20 ba ƙungiyar da ta iya riƙe kofin shekara biyu a jere. Gasarsu ta sili-ɗaya-ƙwale ce, ranar da aka cinye ka ka tafi gida sai baɗi, ko da kai ne mai riƙe da kofi.

To wacce ta fi? Da farko mutum zai ce Tyrone, ni ma can na karkata. Amma a duba ɗaya gefen. Crossmaglen da ta danne gundumarta ta fita waje ta ci kofin ƙasa baki ɗaya har sau shida tsakanin 1997 da 2012. Ballygunner ma ta ɗauko na hurling a 2022. Tyrone kuwa, duk da zafin gasarta, har zuwa 2025 ba ƙungiyarta ko ɗaya da ta taɓa cin babban kofin ƙasa na ƙungiyoyi. Errigal Ciarán ta kai wasan ƙarshe a Janairun 2025, aka cinye ta. Dalilin a ganina a fili yake: ƙungiyar da ke fita kowace shekara tana sanin hanya, wadda kuwa ta fito da ƙyar bayan ta sha wuya a gida takan isa waje a gajiye, kuma baƙuwa. Sai dai idan aka tattara gwanayen gunduma duka aka yi tawaga ɗaya, lissafin kan juya. Tyrone ta ci kofin gundumomi na ƙasa a 2003 da 2005 da 2008 da 2021, Waterford kuwa rabonta da na hurling tun 1959. Kada in yi zalunci, Armagh ma ta ci nata a 2002, daidai lokacin da Crossmaglen ke kan ganiyarta, ta ƙara a 2024. Saboda haka ba ƙa'ida ba ce da ba ta karyewa. Duk da haka in an ba ni zaɓi domin ƙasarmu, irin ta Tyrone zan ɗauka, domin gara gari goma kowanne yana sa rai da gari ɗaya mai tarin kofuna.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma ya sa na kawo zancen Ailan tun farko, shi ne abin da bai faru ba a Armagh da Waterford. Shekara goma sha uku ana cinye maƙwabtan Crossmaglen, amma ba su rushe ƙungiyoyinsu ba, gwanayensu kuma ba su kwashe kaya sun koma wajen mai nasara ba. Ina za su? Ɗan ƙauye na ƙauyensu ne, can ubansa ya buga, can ɗansa zai buga. Sa'an nan an kasa ƙungiyoyi aji uku, babba da matsakaici da ƙarami, ana hawa ana sauka, kowane aji da kofinsa. Ƙauyen da bai fi gida ɗari biyu ba ba a haɗa shi da babban gari a ce su kara. Yana da tsaransa, kuma in ya yi ƙwazo zai iya kai wa wasan ƙarshe na ajinsa a Croke Park, babban filinsu na birnin Dublin mai ɗaukar mutum fiye da 80,000. Wannan shi ne abin da muka rasa. A wurinmu da zarar yaro ya nuna hannu sai birni ya ɗauke shi, ƙauyen da ya raine shi ya koma kallonsa a waya.

Na san abin da za a ce mini. Wasu za su ce Turawa masu kuɗi ne, mu kuwa muna fama da tsadar taki. Amma mutanen da suka kafa ƙungiyar nan a 1884 'yan mulkin mallaka ne, waɗanda ƙasarsu ta taɓa shan yunwar da ta kashe musu mutum wajen miliyan guda. Nijar ma ba ta fi mu arziki ba. Wasu kuma, kuma maganarsu ta fi nauyi a wurina, za su ce dambe ya cuɗanya da layu da tsafi da caca da shaye-shaye, malamanmu ba za su sa albarka ba. Gaskiya ne akwai waɗannan abubuwa, ba mai musu. Amma sun yi ƙarfi ne domin an bar wasan ba mai tsawatawa. Gasar da ke hannun dattawan gari, wadda ake farawa bayan la'asar a tashi kafin magariba, da ma'aikacin lafiya a gefe, da dokar sutura, da haramcin caca a bakin fage, ta fi kusa da tarbiyya bisa ga abin da ake yi yanzu. In kuwa dambe ya yi wa wani gari tsauri, ga kokawa, ga langa, ga ƙwallon ƙafar kanta, tsarin duk ɗaya ne. Akwai kuma zancen tsaro, wanda ba ɗan kudancin Katsina da zai yi wasa da shi, bayan abin da Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka gani, da ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a Disambar 2020. Inda hanya ba ta biyuwa ba wanda zai ce a tara jama'a. Sai dai ina roƙon mai karatu ya tuna cewa saurayin da garinsu ke taƙama da shi, ana kiran sunansa a kasuwa, ya fi wuyar ruɗi bisa wanda ba wanda ya san da zamansa.

Shawarata ba ta bukatar Gwamnati ta gina filin wasa. Shiyyar Funtua tana da ƙananan hukumomi 11: Funtua, Bakori, Danja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Kafur, Malumfashi, Ƙanƙara, Musawa da Matazu. A fara da guda ɗaya, in ta ni ce Kafur. Bayan an gama girbi, Gozaki da Mahuta da Masari da Kuringafa da Sabuwar Ƙasa da sauran garuruwa kowa ya fito da tawagarsa. Doka ta farko, wadda in an karya ta komai ya rushe, ita ce ba mai shiga fage da sunan gari sai wanda aka haifa a can ko yake noma a can, kuma mai unguwarsa ya shaida. A raba manyan garuruwa da ƙananan ƙauyuka aji biyu, na ƙarshe a sama ya sauko, na farko a ƙasa ya hau. Kofin kada ya ɗauki sunan kowane mai rai, balle mai neman kujera. Wanda ke son taimakawa ya kawo buhun masara ko kuɗin mota, a gode masa a bainar jama'a, shi ke nan. Kyautar ma kada ta yi girman da za ta jawo 'yan haya, rago da rawani sun isa. Idan Kafur ta yi shekara uku ba fashi, Malumfashi da Bakori da Danja za su yi kishi da kansu, ba sai an roƙe su ba, daga nan gwanayen ƙananan hukumomi su haɗu a Funtua.

Mu ɗalibai kuwa namu aikin shi ne rubutu, tun da shi muka zo koya. Kowace ƙungiyar ɗaliban gari da ke cikin wannan jami'a takan yi taro a lokacin hutu, a ci shinkafa, a yi jawabai, a watse. Bana a sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a zaunar da tsofaffin 'yan kokawa da mahauta da makaɗan da suka rage, a rubuta wa ya kayar da wa, a wane dandali, a zamanin wane hakimi. Sa'an nan a bar shafuka a gaba domin gwanayen da za su zo, a kai littafin a ajiye wurin shugaban makarantar firamare ta garin.